Jikan Masu Mazarƙwaila Ya Tuba da Sukari

Bazazzagi, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka zo ka durƙusa, don ba a saba ubangida ya riga bawansa gaisuwa ba. Labari ya iso mana Kano cewa ka yi hannun riga da sukari. An ce yanzu in ka shiga kanti sai ka ɗaga kwalbar lemo sama, ka gyara zaman tabarau, ka bi rubutun jikinta da yatsa har ka ga inda aka ce babu sukari, sannan ka zaro kuɗi. Kai da kakanninka suka tsufa a gonakin raken Maƙarfi da Kudan, kai da aka yaye da mazarƙwaila!

Da a nan ka tsaya da na ƙyale ka. To amma saƙonni biyu ka turo mini ta WhatsApp, kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa. A na farko kana bugun ƙirji cewa lemon nan zai narkar maka da tumbi kafin Babbar Salla. Na biyu kuwa muryar wani ce da ka tura wa duk wanda ke cikin wayarka, yana rantsuwa cewa Turawa sun tabbatar abin zaƙin da ke cikinsa ciwon daji ne tsagwaronsa. Ka tura, kuma ka ci gaba da sha. Zauna in karanta maka, tunda jami'ar da ke Samaru maƙwabtaka kawai kuke yi da ita.

Abin zaƙin nan ba baƙonka ba ne. Sakarin dai ka daɗe kana kwankwaɗarsa a zoɓon tasha da kunun zaƙi, inda mai sayarwa za ta kwance ɗan ƙullin leda, ta ɗebi abin da bai cika farce ba ta jefa a bokiti guda, ta juya da ludayi. Ɗacin nan da ke maƙale maka a maƙogwaro bayan ka haɗiye, shi ne shaidarsa. Ya fi sukari zaƙi wajen sau 300. A 1879 aka gano shi a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, lokacin da wani masanin sinadarai, Constantin Fahlberg, ya tashi daga ɗakin gwaji ya zauna cin abinci bai wanke hannu da kyau ba, sai ya ji burodinsa ya yi zaƙi. Shi kuma aspartame, wanda ke cikin yawancin lemon da kake sha, a 1965 James Schlatter ya ci karo da shi yana neman maganin gyambon ciki: ya lashi yatsa zai ɗaga takarda, ya ji garɗi. Ɗaya bai wanke hannu ba, ɗaya mai lashe yatsa. Na ce a bincika asalinsu da kyau, ba za a rasa jinin Zazzau ba.

Tsoron ciwon dajin ma tsohon zance ne. A shekarun 1970 an ɗura wa ɓeraye sakarin mai yawan gaske, wasu suka kamu da dajin mafitsara, har Amurka ta sa dokar rubuta gargaɗi a jikin kaya a 1977. Daga baya aka fahimci cewa fitsarin ɓera daban yake da na mutum, hanyar da cutar ke bi ta kama shi babu ita a jikinmu, aka cire gargaɗin a 2000.

Wanda ya tayar maka da hankali kuwa na watan Yulin 2023 ne. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai zama a birnin Liyon na Faransa, ta sa aspartame a rukunin da take kira 2B, wato abin da mai yiwuwa ne ya haddasa ciwon daji amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Mai muryar da ka turo a nan ya tsaya da karatu. A rana guda da wannan sanarwa, kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da Hukumar Abinci da Noma (FAO) mai duba abin da ake ƙara wa abinci ya ce ma'aunin da aka sani yana nan daram: miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mai kilo 70 sai ya sha sama da gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya ƙetare iyaka. Kai kuwa da ka baro kilo 70 tun kafin ka yi aure, naka rabon ya fi haka.

Ga wanda zai fi ba ka haushi. Rukunan nan ƙarfin hujja suke aunawa, girman haɗari kuma lissafinsa daban. A rukunin da ke sama da na aspartame, wato 2A, akwai jan nama tun 2015, akwai kuma abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 tun 2016. Ashe shayin da kake kurɓa a teburin mai shayi yana tururi, kana hura shi kana ƙona leɓe don kada wani ya zo ka yi masa tayi, da tsiren da kake dannawa a kai, sun riga lemon naka shiga sahun gaba. Ban ji ka tura wa kowa murya a kansu ba. Waɗanda aspartame ke cutarwa kai tsaye su ne masu wata cutar gado da ba ta da yawa, PKU, wadda jikinsu ba ya iya sarrafa sinadarin phenylalanine. Dominsu ake rubuta sunansa a jikin gwangwani.

Kada ka yi saurin washe baki, saura saƙonka na farko. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan abubuwan zaƙi don rage ƙiba, har da stevia da kake cewa ai ganye ne. Ta ce a gajeren lokaci akan ɗan ga sauƙi, amma in tafiya ta yi nisa ba a ga kitse ya ragu ba. A binciken da ake bin mutane shekara da shekaru, irin na NutriNet-Santé a Faransa mai mutum sama da 100,000, an ga masu yawan shan su sun ɗan fi saura kamuwa da ciwon zuciya da ciwon sukari. Sai dai da wuya a raba zare da abawa a nan, domin wanda ke komawa lemo marar sukari sau da yawa irinka ne, wanda likita ya riga ya harari tumbinsa. Ko lemon ne ya kawo cutar, ko tsoron cutar ne ya kawo lemon? Hukumar da kanta ta ce shawarar tata mai sharaɗi ce, kuma ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Don haka kada ka je ka ƙwace wa Gwaggo 'yar ƙwayar da take jefawa a shayi da sunan ka ji wa'azi a waya. Ita da likitanta suka san tsakaninsu.

Ni ma na yarda da abu ɗaya. Gwangwanin lemo mai sukari na mililita 330 yana ɗauke da wajen giram 35, fiye da cokalin shayi takwas, alhali iyakar da ake so babba ya tsaya a yini ba ta wuce giram 50 ba, in ya iya 25 ma ya fi. Wanda ya saba shan uku a rana ya koma marar sukari, ya sauke kaya mai nauyi. Haƙoransa dai ba su tsira ba, don tsamin da ke cinye su yana cikin kowanne.

Matsalar ita ce abin da idona ya gani a ɗaurin auren da muka haɗu. Ka tara dafa-duka har tana zubowa daga gefen faranti, ka jera waina a kai, ka sa funkaso a gefe. Da aka zo da alkaki yana ɗigar zuma ka ɗauki biyu, na uku ka naɗe a hankici ka cusa a aljihun babbar riga. Sannan ka ɗaga hannu ka kira yaro, da murya irin ta mai tsoron Allah, ka ce a kawo maka marar sukari, kai ka daina. Shinkafar nan da fulawar nan in sun sauka ciki sukari suke komawa a jini, ba sa tambayar abin da aka kora su da shi. Ka mayar da kwalbar tamkar laya, kana ganin in tana hannunka komai ka ci ba zai kama ka ba. Harshenka kuma yana nan yadda aka rene shi, kullum yana jiran zaƙi, don ba ka taɓa ba shi hutu ba.

Masana ma ba su rufe littafi ba tukuna. A 2022 wani gwaji a cibiyar Weizmann ta Isra'ila, kan mutum 120 na mako biyu, ya nuna sakarin da wani abin zaƙin, sucralose, sun taɓa ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji da yadda jiki ke karɓar sukari, kuma kowa da irin yadda nasa jikin ya amsa. Wanda babu gardama a kansa shi ne sorbitol na cingam da alewa marasa sukari: ka cika shi, ka kwana kana sintiri da buta. In an ga Bazazzagi ya fice daga taro da sassarfa yana riƙe da ciki, yanzu mun san dalili.

In ka tashi zuwa Kano ka taho da takalmi mai daɗin tafiya, don da ƙafa za mu tashi daga Ƙofar Nasarawa mu ratsa Kurmi mu hau Dala, kuma ruwan randa kaɗai zan ba ka a hanya. Ka haɗo da kuɗin sharata da ka danne tun watan Cika-ciki, da kuɗin motarka na komawa, tunda ka san Bakano ba ya zuba jari inda babu riba.