Kotunan Littafi Daga Ikara Zuwa Hunƙuyi

Marubucin da ya zauna a Kano ko Zariya ya kwashe watanni yana tsara labari, da ya san irin alƙalan da ke jiran littafinsa a Makarfi da Kudan da Ikara, da ya ƙara addu'a kafin ya kai maɗaba'a. Nan ba a jarida ake yanke wa littafi hukunci ba. A shagon cajin waya ake yi, da bencin mai shayi, da tsakar gida ana tsintar shinkafa. Kowane alƙali da tasa dokar, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Akwai Hajiyar Ƙarshe. Ita littafin soyayya ta baya take fara shi. Da an miƙa mata sai ta leƙa shafi uku na ƙarshe ta ga ko an ɗaura aure. In an ɗaura, to littafi ya yi ma'ana, sai ta dawo farko ta bi wahalar masoyan hankalinta kwance. In kuwa ta tarar marubuci ya kashe yarinya, nan take za ta mayar: "Ungo kayanki, Anti, ba zan biya kuɗin haya a sa min hawan jini ba." Da ita aka karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino tun fitowarsa a farkon shekarun 1990, kuma har yau ba ta yafe wa Sumayya faɗawa rijiya ba, ba don komai ba sai don ruwan da ta ɓata wa mutane. Sababbin littattafai kuwa ƙorafinta a kansu ɗaya ne: samarin ciki duk sun cika kuɗi. Kowane saurayi da jirgin sama da gida a Dubai. Ta ce ita dai a nuna mata littafi ɗaya da aka so manomin rake.

Babban abokin gabarta shi ne Malam Tsawatarwa, wanda a wurinsa duk lalacewar da aka samu a ƙasar nan, daga tsadar taki har zuwa rashin kunyar yara, littattafan soyayya ne suka kawo ta. Yana yawan tuna wa mutane shekarar 2007, lokacin da hukumar A Daidaita Sahu ta Kano ta tattara irin waɗannan littattafai daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta, zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Ya ce abin da ya rage wa Jihar Kaduna ke nan. To amma ka ɗan ja shi da hira. Sai ka ji yana cewa Balaraba Ramat Yakubu ba ta yi wa Sarkin Noma adalci ba a Wa Zai Auri Jahila?, ai mutumin ya biya sadaki. Ya san sunan kowa, ya san wa ya saki wa, ya san a wane babi kishiya ta je wurin boka. In ka tambaye shi yadda aka yi ya sani, sai ya gyara hula ya ce dole mai gida ya san sharrin da ke shigo masa gida. Hanyarsa ita ce ya ƙwace littafi daga hannun ƙanwarsa da la'asar, ya ce zai ƙona. Washegari da safe, ido ja saboda rashin barci, sai ya leƙo: "Ke, ina na biyun? Kawo shi in haɗa in ƙona gaba ɗaya."

Ni dai ina ganin Malam ya yi wa littattafan nan rowar yabo. Matan da aka cire daga aji huɗu ko biyar aka aurar, da yawansu waɗannan 'yan littattafan ne suka riƙe musu karatun boko bai zube ba. Ita kanta Balaraba tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, abin da ta rubuta ta san ɗacinsa. Amma wannan magana ba a yin ta a gaban Malam sai ya gama na uku.

Sai Sadauki, ɗan acaɓan tashar Hunƙuyi. Shi soyayya a wurinsa karatun mata ne. A ba shi Abdul'aziz Sani Madakin Gini: birnin da babu shi a taswira, boka mai shekara dubu, takobin tsafi, aljani mai kai bakwai. Ma'auninsa na littafi mai kyau shi ne mutum nawa aka kashe kafin shafi na goma. Yana cin littafi kamar rake, ya tsotse wurin yaƙi ya tofar da sauran. In jarumi ya tsaya zance da gimbiya, sai ya ja tsaki ya tsallake shafi biyar. Shi a zatonsa a zamaninsa aka fara irin wannan rubutu. Dattawan tasha sun sha gaya masa cewa tun 1934 Ganɗoki na Bello Kagara ya gama da Turawa ya wuce ƙasar aljannu, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga kuma Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da ya kai yaro sararin samaniya a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata. An nemo masa Ganɗoki ya karanta. Hukuncinsa: "Ba laifi, Baba, amma ba a yi ɓarna sosai ba." Wannan gwarzo, da an yi sallar isha'i ko nawa za ka biya shi ba zai ɗauke ka ta hanyar da ta ratsa gindin tsamiya ba.

Tsohon hedimasta kuma tambayarsa ɗaya ce: "Da gaske abin ya faru?" In ka ce ƙirƙira ce, ya gama da kai. Shi karatunsa Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, da Ikon Allah na Abubakar Imam da Dakta East, da duk abin da ya fito daga kamfanin NNPC na Zariya mai ɗauke da shekaru da sunayen sarakuna. Da jan biro yake karatu, kamar marubucin zai zo karɓar sakamako. Duk littafin tarihin Zazzau da ya shigo hannunsa, abu biyu yake dubawa. Na farko, ko an ambaci Paki da Kudan. In babu, littafin bai cika ba. Na biyu, shekarar da Malam Musa ya shigo Zariya da tutar Shehu, Sarki Makau ya yi kudu. In marubuci ya ce 1804, hedimasta zai rubuta 1808 a gefe. In ya ce 1808, sai ya rubuta cewa a jerin sarakuna 1804 aka sani. Littafin ƙirƙira ɗaya kawai ya yi wa afuwa, Magana Jari Ce, saboda ya koyar da shi. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ai a ciki aku ya zama waziri," sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce wannan hikima ce, ba ƙarya ba.

Ɗansa ma ba ya karanta ƙirƙira, amma nasa littattafan na Amurka ne, na yadda ake zama attajiri. Duk wanda ya gama, sai ya tara iyali ya yi musu lacca. Ya ce kuskuren manoman Ikara shi ne kai tumatir kasuwa a kwando lokacin da kowa ya kai. Kamata ya yi a sarrafa. Kawunsa da ya ga an gina kamfanin tumatir na Ikara a farkon shekarun 1980, ya ga tsayuwarsa da tashinsa da sake tsayuwarsa, ya kuma ga tsutsar da ta cinye gonaki a 2016, sai ya ce, "Haka ne, ɗana." Bayan lacca yaron yakan tsaya a zaure ya ranci kuɗin data.

Mai aro ba ta da ra'ayi a kan littafi, ita dai nata ya zama. Duk gidan da ka ga na ɗaya da na uku babu na biyu, ta taɓa zuwa barka.

Ƙanwarta ta zamani ta fi ta hujja. A waya take karatu, inda marubuciya ke sakin shafuka kyauta har sai an kai wurin da ango ya ɗaga mayafi ya ga ba ita ba ce, sannan ta ce sauran sai an turo kuɗi. Nan mai karatu za ta yi fatawa cewa ilimi ba a sayar da shi, marubutan yanzu sun cika son abin duniya. Za ta jira wata ta biya ta turo mata, ta karanta tas, sannan ta aika wa marubuciya saƙo cewa ƙarshen bai yi ba, a sake.

A wuraren dafa mazarƙwaila kuma akwai mai karatu da kunne. An zuba masa littattafai a memori, ana karantawa yana tura rake cikin inji. Matsalarsa mai shagon ba ya jera masa su daidai, sai kashi na bakwai ya riga na huɗu. Shi ya sa a wurinsa kowane labari akwai wanda ya mutu ya dawo, kuma yana yaba wa marubutan Hausa ƙwarai a kan wannan fasaha.

Wanda ya fi kowa sanin littafi mai kyau shi ne tsohon mai shagon haya, wanda yanzu rabin kantarsa caja ce da batir. Bai taɓa karanta ko ɗaya ba. Ran Laraba, ranar kasuwar Makarfi, in 'yar aike ta zo ta ce uwar ɗakinta na son mai daɗi, ba ya duba suna ko marubuci. Sai ya bi jerin da yatsa, ya wuce duk masu sabon bango, ya zaro wanda manja ya taɓa, aka ɗinke bayansa da zaren buhu. In yarinyar ta ce, "Baba, ai wannan shafin ƙarshe ya cire," sai ya ce ta biya ta gidan Hajiya, ita za ta gaya musu yadda aka ƙare.