Anko Har da Mafici

Da zarar Afrilu ya kama a Diffa, kogin Komadugu ya janye ruwansa ya bar yashi, zafi ya haura digiri 40, wutar NIGELEC kuma tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama. Maganin da kakanninmu suka sani shi ne maficin kaba. Goruba ta cika dajin Maine-Soroa da Gudumariya, a yanko kaba a saƙa. Da shi ake hura gawayin shayi, a kori ƙuda daga kan kifi banda, a ɗan zabga wa yaro mai ƙiriniya. Ba wanda ya taɓa tambayar launinsa.

Yanzu kuwa an waye, mafici ya koma na atamfa. A yanka kwali, a shafa gam, a manna ƙyalle, a yi masa ninki-ninki, a ɗaura mariƙi. Matan da ke wannan sana'a sai dai a ce musu sambarka. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a 2015, aka hana hawan babur, aka taƙaita cinikin kifi da tattasai na tsawon shekaru, kowa ya nemi abin riƙe gida. Ni da masu saye nake.

Ku leƙa gidan biki. Da can anko ya tsaya a zane da riga da ɗankwali. Yau sai an haɗa da mafici, kuma dole ya fito daga turmi ɗaya. Wadda ta zo da mai ruwan goro alhali anko shuɗi ne, gara ta cusa shi cikin jaka ta zauna gumi na wanke mata hoda da a ce ba ta san abin da ake yayi ba. Masu na daidai ɗin ma ba fifita suke ba. Ana ɗaga shi ne daidai hanci, a karkata wajen ta kusa: "Yaya, kin ga na Hajiya? Wallahi na bikin bara ne." Mai hoto na juyowa, a buɗe shi a ƙirji, a yi murmushi.

Na amarya ya fi ban tausayi. An jera masa gashin tsuntsu da duwatsu masu ƙyalli har ya yi nauyi, kuma uwar biki ta riga ta ja kunne: kada a kaɗa shi da ƙarfi, gashin zai zube, na haya ne. Sai ka ga amarya ta riƙe shi cak, ƙanwarta na gefe tana yi mata fifita da yagaggen kwalin taliya.

Ina ake samun ƙyallen? Wannan tambaya ce da ba a yi a gaban tela. Hajiya ta kai masa turmi guda, yadi shida cif, ya auna ya girgiza kai: "Hajiya, da ƙyar ya isa, ko na ɗaure kitso bai rage ba." Ranar Talata ta shiga kasuwa, sai ga zanen rigarta ta Sallah an baje a faranti, mafitai huɗu reras. Ta saya kuwa, don ya shiga da rigar.

Mazan ma kada su yi dariya. Alhaji ya sayar da buhunan tattasai da safe, aljihu ya yi nauyi, amma yarinya mai tallan mafici na faɗin kuɗi sai ya ɓata rai. In ta faɗa da sefa ya ce da naira yake ciniki, in ta koma naira ya tuna ashe a Nijar muke. "Ɗiyata, ai ƙyalle ne da kwali." Duk tsawon cinikin nan mafici na hannunsa yana aiki. Gumi na bushewa ya mayar mata cikin faranti, ya ce zai dawo.

Akwai kuma 'yan boko masu 'yar fankar batir ta ƙasar Sin, waɗanda ke kallon mai mafici da tausayi. Kwana biyu ba wuta, caji ya ƙare, sai ka ji murya ta yi laushi: "Inna, ɗan ara mini naki, yanzu zan maido." Inna ta miƙa, sannan ta aiki jikanta ya tsaya a ƙofar zaure.