Allah Ya Ƙara Basira, Gwanayen Yashe Kwata

Masu ƙorafi ba sa gajiya. Da hadari ya haɗo daga gabas sai su fara: kwata ta toshe, kwalbati ya cike, bana ma Gyadi-Gyadi za ta sha ruwa. Haba jama'a, a riƙa yaba wa gwani mana! Tsarin yashe magudanan ruwa da muke tinƙaho da shi a Tarauni ba ƙaramin kai ne ya ƙirƙiro shi ba.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, matasan unguwa kan fito aikin gayya da shebur da manjagara da baro. Su naɗe ƙafar wando, su faɗa lambatu har gwiwa, su yi ta jido baƙin taɓo haɗe da ledar fiya wata da robar lemo da warin silifas. Su jera shi tsibi-tsibi a bakin titi. Can sai manya su iso da sabuwar safar hannu, a miƙa musu shebur, a ɗauki hoto, a ce tifa tana hanya. To, a nan hikimar take, domin tifar da ta san ciwon kanta ba ta gaggawa. Tsibin ya sha rana ya bushe, awaki su barbaza, 'yan adaidaita sahu su tattake, ruwa na sauka ya mayar da kowace leda inda aka ɗebo ta. Wata mai kamawa ga aikin gayya ya samu, baɗi ga kwangila ta samu. A nuna mini wata ƙasa da ta magance zaman kashe wando da arha haka.

Mu talakawa ma ba a bar mu a baya ba. Uwargida na jin an fara yayyafi sai ta miƙa wa yaro kwandon shara: "Maza kai kwata, ruwa ya tafi da ita." Shi kuwa ruwa ɗan aike ne mai amana, sai ya dire saƙon a zauren maƙwabcin da ke gangare. Zumunci ke nan. Mai shago shi ma ya shafe lambatun ƙofarsa da kankare ya ɗora teburin kaya, don bai ga dalilin da ruwa zai riƙa wucewa kyauta a wurin da shi yake biyan haya ba.

Amma babbar lambar yabo ta masu cike kududdufi ce. Kakanninmu, da yake ba su yi boko ba, sun haƙi ƙasa sun gina ganuwa da gidaje, suka bar ramukan haka nan, wai ruwan damina ya taru a ciki, ya nitse a hankali, rijiyoyin unguwa su samu. Ka ji almubazzaranci da fili! Sai da 'yan zamani suka zo aka gane gaskiya: a mai da kududdufi bola, a bi da tifar jar ƙasa, dillali ya zo da igiyar awo, shi ke nan fuloti ya fito. Ruwan da aka tasa daga gidansa kuwa sai ya zo falonka baƙunta. Kada ka damu, baƙo raɓa ne, katifa da buhun shinkafa kawai zai taɓa.

Wasu ƙasashe har yanzu suna cikin duhu. A 1971 aka taru a garin Ramsar na Iran aka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi, Najeriya ma ta shigar da wani yanki na dausayin Haɗeja da Nguru a shekarar 2000. Birane a ƙasar Sin suna kashe maƙudan kuɗi suna haƙa tafkuna don su shanye ruwan sama. Suna biya a haƙa, mu ana biyan mu mu cike. Wa ya fi wani lissafi?

Shaidar nasara kuwa ba a ɓoye take ba. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, inda aka yi gine-gine a kan hanyarsa, ya jiƙa wa 'yan kasuwa shadda da atamfa ba tare da ya karɓi ladan wanki ba. Mu nan ga gadar sama da ta ƙasa a Dangi, ga wata a Hotoro. Mota ta samu hanya sama da ƙasa, ruwa kuwa ya yi haƙuri ya nemi tasa, tunda ba ya kaɗa ƙuri'a.

A lissafa masu cin moriyar tsarin: sauro ya samu gidan haihuwa, mai kemis ya samu ciniki, bakanike na fama da injin da ya sha ruwa, magini na jiran katangar da za ta faɗi. Duk mai neman a kwashe taɓo ranar da aka yashe shi, ko a bar wa ruwa kududdufi ko guda, maƙiyin waɗannan bayin Allah ne.

Roƙona ga mahukunta ɗaya ne. Duk kududdufin da ya rage a hanzarta yanka shi kafin damina, sannan a tura 'yan KAROTA masu ba motoci hannu koyon ba kwalekwale hannu.