Santsin Kwalta a Kaduna

Ruwan farkon damina ya fi kowanne haɗari a titunan Kaduna, domin yana dama ƙura da baƙin man da motoci suka zubar duk rani, kwalta ta koma miyar kuɓewa. Ƙa'idar tuƙi a kanta sananniya ce: a sassauta totur tun kafin kwana, a taka birki a hankali, a ba motar gaba tazara. Idan bayan mota ya zame, a karkata sitiyari ta ɓangaren da ya zame. Tsakanin Kawo da Kasuwar Barci kuwa, wasu direbobin bas sun taƙaita darasin: taya ta suɗe har waya ta leƙo, hannu ɗaya yana kan hon, ɗayan yana waje yana kiran fasinja.