Yadda Ake Sayen Sabon Tarbo Ba Tare da Buƙatarsa Ba

Alhaji, a ce Passat ɗinka mai injin gas, 1.9 TDI, tana tsakiyar Hawan Kibo, ka taka totur har ƙasa amma ta ƙi, masu tirela suna yi maka hon. Ka faka, ka kashe, ka sake tayarwa, sai ƙarfinta ya dawo garau. Kwamfutar motar ce ta ga iskar da tarbo ke turawa ba ta yi daidai da abin da ta nema ba, ta rage ƙarfi don kada injin ya lalace. Wannan dama ce ta kashe kuɗi da ba kullum ake samunta ba, kada ka bari ta wuce ka.

Abu na farko, kada ka yarda kowa ya yi maka bayanin zuƙar iska. Da zarar ka san cewa injin gas ba ya samar da zuƙa da kansa kamar injin fetur, sai an haɗa masa ƙaramin famfo da injin ke juyawa, shirin ya fara rushewa. Daga wannan famfo siraran tiyo ke fita: wani zuwa baƙar tukunyar birki, wani zuwa bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji, wani kuma ya bi ta wani ɗan bawul na lantarki, N75 a motocin Volkswagen, ya je ya ja sandar da ke buɗe fikafikan tarbo da rufe su. Ka ga ke nan tarbo ɗan aike ne. In tiyo ɗaya ya tsage saboda zafi da tsufa, ko ɓeran gareji ya ɗanɗana shi, zuƙa ta ragu, sanda ba ta motsa ba, tarbo lafiyayye ya zauna ba aiki. Wannan sani ba shi da amfani ga mai niyyar zuwa Ƙofar Ruwa da kuɗi a aljihu.

Na biyu, in an jona na'urar gwaji ta nuna P0299, ka karanta shi da cewa tarbo ya mutu, Allah ya ji ƙansa. Ainihin abin da lambar ke faɗa shi ne iska ba ta kai ba, kuma ba ta ambaci mai laifi ba. P0234 kuwa iska ce ta yi yawa, sau da dama saboda kunkunniya ta daskare fikafikan, abin da ke samun motar da ba ta da aiki sai kai yara makaranta a giya ta biyu. Wanki suke so. Amma wanki ba ya burge maƙwabta.

Ka guji bakaniken da ke da agogon auna zuƙa, musamman irin mai ɗan famfon hannu. Mutum ne mai haɗari ga tsarinmu. Zai jona agogon a bakin famfon injin, inji na aiki, ya ga ko allura ta kai wajen inci 25. In ta kai, famfo ya fita daga zargi, sai ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana toshewa har ya gano inda iska ke shiga. Daga nan ya jona famfon hannun a kan tarbo ya matsa: sanda ta tafi sumul, ta tsaya wajen inci 18, allura kuma ta riƙe ba ta sauka ba. In ta sauka, robar cikin ce ta huje. Kafin shayinka ya huce ya gama, ya miƙo maka guntun tiyo mai tsawon taƙi ɗaya ya ce, "Alhaji, ga ɓarawon." Ina mutuncin babban mutum a nan? Nemi wanda zai kara kunne a bonet, ya girgiza kai, ya ce yaro ya ɗauko sifana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka nan, in kana jin fito ko huci lokacin da ka taka, baƙin hayaƙi na bin ka a baya, kada ka leƙa manyan tiyon da ke kai iska daga tarbo zuwa lagireton sanyaya ta. Inda ya fashe yakan jiƙe da baƙin mai, ko yaro zai gane shi. Filtar iska da ta sha ƙurar hunturu tun bara ma ka bar ta, ta saba.

Wuri ɗaya ne ban yarda a yi wasa ba. In birki ya yi tauri a daidai lokacin da ƙarfi ya ragu, zuƙa ce ta tafi. Kashe inji, ka taka birki sau da yawa har ya sandare, ka riƙe, ka tayar. In feda ba ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka ba, motar nan ba ta hawa titi sai an gyara.

In an ɗaura sabon tarbon, ɗan Beljiyam ne ko na kwali, ka tabbata an mayar da tsohon tiyon nan yadda yake. A hawa na gaba motar za ta sake ƙi, bakanike ya ce ai kayan yanzu duk jabu ne, ku fara maganar sayen na biyu.