Inna Mai Daddawa da Dattawan Ƙofar Gida

Daddawa ba ta son gaggawa. Idan bazara ta yi, ɗorawa ta nuna, sai a kaɗo ta a ɓare, a ware garin nan rawaya da yara ke lasa, a bar kalwa. Ita kuwa kalwa taurin kai gare ta, sai ta kwana a kan wuta ana ƙara ruwa ana iza itace kafin ta saduda. Daga nan a zuba a turmi da ɗan toka a surfa, a wanke a kwando har ɓawon ya fita, a sake dafawa da kanwa, a tsane, a rufe da ganye da buhu. Sai a ƙyale ta kwana biyu ko uku ta ruɓa. A kwanakin nan ne take sanar da unguwa cewa tana nan.

A Unguwar Shanu cikin Kaduna an yi wata mata da wannan ce sana'arta, Inna mai daddawa. Zawarawa da maƙwabta ke taya ta kirɓi. Tana da tsohuwar rikoda mai cin batir, kaset ɗin da ba ya fita daga cikinta kuwa shi ne na Barmani Choge, 'yar Funtuwa mai kiɗan amada, wadda ita ma da ƙwarya da 'yan amshi mata ta ci abinci. Idan aka zo kan "A Kama Sana'a Mata" sai taɓarya ta bi kiɗa, shewa ta tashi, ƙara da wari su tsallake katanga tare.

A bayan katangar akwai majalisar dattawa, daga la'asar zuwa magariba. Kowa da hannun riga a hanci, kowa da ra'ayinsa. Wani ya ce ƙazanta ce tsagwaronta. Wani ya ce shi warin bai dame shi ba, ƙarar ce matsala, domin mace ta gari ba a jin turminta daga titi. Akwai wani tsohon ma'aikaci da ya taɓa yin kwas a Ingila. Shi nasa bayanin mai tsawo ne: tun 1908 kamfanin Maggi na ƙasar Suwizalan ya fitar da ɗunƙule mai tsabta, kuma abin da ba a naɗe shi a takarda mai ƙyalli ba, bai kai a sa shi a tukunyar wayayye ba. Babu ɗayansu da ya taɓa ganin yadda ake yin ta. Gidan matan aure ne, ba shiga.

Da an sallame magariba sai yara su fara sallama. "Wai a ba da ta sule biyar." Inna ta ce, "In ji wa?" Yaro ya sunkuyar da kai. "An ce kar in faɗa." Ba ta taɓa matsa wa kowa ba, ta san kwanon kowane gida.

Mata ba su da majalisa, ciniki suke yi. Daga Badarawa, daga Tudun Wada, daga Unguwar Dosa suke zuwa, ran Talata kuwa a kasuwar Kawo kafin azahar faifanta ya koma wayam. Su ne kaɗai ke faɗa mata gaskiyar aikinta. Mace za ta gutsura, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta ce, "Inna, ta wannan makon kanwa ta yi yawa," ko "wannan ba ta sha rana ba." Wani lokaci a yi cacar baki, mako mai zuwa a ga ta gyara.

Ƙara ta kai gaban mai unguwa, duba-gari ya zo ya zagaya, aka yi magana ta fahimta. Inna ta kwashe tukwanenta da rikodarta ta koma ɗakin haya a Rafin Guza. Unguwa ta yi tsit, iska ta gyaru. Ba a yi mako biyu ba magidanta suka fara tambayar iyalinsu abin da ya sami miyar kuka. Yaran magariba suka ci gaba da aikensu, an dai ƙara musu kuɗin mota.

Ana nan sai kamfanin Cadbury ya fitar da ɗunƙule mai suna Dadawa, a takarda mai ƙyalli. Masana a jami'o'i suka yi ta rubutu a kan ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kalwa da irin amfanin da take wa jiki. Tsohon ma'aikacin nan ya ce shi dama ya daɗe yana faɗa.

Inna ta rasu a 2013, shekarar da Barmani ta rasu a Funtuwa. Dattawan da suka rage sun je zaman makoki, sun cika tabarma. Aka ce an yi rashin uwa, an yi rashin al'ada, irinsu ba za a sake yi ba. Wani har muryarsa na rawa. Masu ɗauko ruwan alwala ne kawai suka lura da robobin da aka jera a ɗakinta saboda yoyo.

Yanzu jikarta ce ta dawo Unguwar Shanu da sana'ar. Masu gawayi sun ci bishiyoyin ɗorawa, kalwa ta yi tsada, don haka da waken soya take yin tata, irin yadda ake yi wajajen Kafanchan. Tana zubawa a roba mai murfi da hotonta a jiki, tana talla a WhatsApp, wayarta na kiɗa tana aiki. 'Yan mata na saye har daga Zariya. Masu zaginta a ƙarƙashin hotunan su ma ba su taɓa fashin leƙawa ba.

Majalisa ta aika aka kira ta. Ta durƙusa ta gaishe su.

"'Yata," in ji babbansu, "kakarki mun zauna da ita shekara da shekaru. Mace mai kunya, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Daddawarta ƙamshi take yi. Ita ce ta gaske, ta iyaye da kakanni. Wannan taki ba mu san daga inda kika kwaso ta ba, ga shi kin manna fuskarki a jiki."

Ta ce, "To, Baba. Allah ya huci zuciyarku."

Ba su so su yanke hukunci da ka, don haka aka naɗa kwamitin mutum uku ya binciki lamarin. Kwamiti ya nemi a kawo masa roba shida domin nazari, aka kai. Watanni sun shuɗe rahoto bai fito ba. Shekaranjiya sakataren ya aiko yaro da saƙo cewa bincike ya yi nisa, amma kayan aiki sun ƙare, a ƙaro huɗu, kuma a sa da mai yaji.