Nasiha ga Mai Niyyar Kafa Injin Wankin Mota a Sheme

Duk bawan Allah da arziki ya yi masa yawa har ya rasa inda zai kai shi, sa'an nan zuciyarsa ta raya masa ya sayo injin nan na Turawa mai wanke mota da kansa, ya girke shi a Sheme, a bakin titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, to, wajibi ne a kansa ya san cewa sayen injin shi ne mafi sauƙin al'amarin, mas'ala mai wuya tana ga daidaita gudun sarƙar da ke jan mota.

Asalin abin kuwa daga Amurka yake. A birnin Ditiroyit, cikin 1914, ƙarti ne ke tura mota da hannu daga mai sabulu zuwa mai ɗauraya zuwa mai gogewa. A 1940 aka sami masu hikima a Holiwud suka ɗaura mata abin ja. A 1951 kuma wasu 'yan'uwa uku a Siyatil suka kammala injin da ba ya bukatar hannun ɗan Adam. Ka ga ke nan, Alhaji, matakin 1914 mun riga mun ƙware a kansa, gama babu tashar da ba a tura mota kullum safiya.

Ƙiyasin da ma'abota wannan sana'a suke bi shi ne, gwargwadon tsawon rumfar da mota ke ratsawa, gwargwadon motocin da za ta haɗiye: rumfa mai ƙafa 100 ta wanke mota kamar 100 a sa'a guda. Dalili kuwa, kumfa tana bukatar ta ɗan zauna a jikin mota kafin buroshi ya iso, ruwa yana bukatar lokacin ɗauraya, fankokin ƙarshe kuma suna bukatar nasu na busarwa. In sarƙa ta yi gaggawa sai mota ta fita da sabulu a ƙeya, in ta yi nawa sai layi ya kai kasuwa, mai kuma ya ƙone a banza. Amma fa waɗanda suka yi wannan lissafi, motar da suka sani ita ce wadda ta kwana a gareji ta wuni a kan kwalta. Ba su taɓa ganin Golf da ta taso daga Sabuwa a tsakiyar Agusta ba, jar laka ta rufe ta har mai ita ma sai da shaidu biyu adilai yake gane ta. Hukuncin irin wannan, a mayar da sarƙa kan mafi ƙarancin gudunta, a ba direba tabarma da buta, domin babu shakka la'asar za ta riske shi a nan. Da hunturu kuwa, lokacin da ƙura kaɗai ce a jikin mota, ya halatta ka saki sarƙa ta yi sauri, tun da yake kafin motar ta kai 'Yankara ƙurar ta koma mazauninta, wanki mai kyau da marar kyau sun zama ɗaya.

A bakin rumfar akwai wani ido na lantarki wanda ke auna tsawon mota, akwai kuma abin da ke ƙidaya juyin sarƙa, su biyun ne ke gaya wa kowane buroshi lokacin da zai sauko da lokacin da zai janye. Wannan ido bai san but a buɗe ba, bai san buhunan masara da aka ɗaure da igiya sun zarce bayan mota da kamu biyu ba, balle yaron mota da ke zaune a kansu. Saboda haka sharaɗi ne a sauke kaya, a naɗe madubai, a leƙa sama a tabbata babu kowa. Game da akuyar da ke ɗaure a but, malaman sana'ar sun yi saɓani, amma ra'ayin da ya fi rinjaye a wurina shi ne a sauke ta, ko da mai ita ya ce ita ma tana bukatar wankan. Motar shanu kuwa kada ma a soma.

Mafi girman fitina ita ce direba. Injin yana neman abu uku daga gare shi: ya sa mota a firi, ya ɗauke ƙafa daga birki, ya saki sitiyari. Mutumin da ya shekara ashirin yana kaucewa ramuka tsakanin Sheme da Ƙanƙara, wanda ko a barci hannunsa na murza sitiyari, yau a ce ya naɗe hannu ya zuba ido wata sarƙa ta ja shi cikin duhu, buroshi na dukan gilashi dama da hagu, lalle an nemi tawakkali mai yawa a wurinsa. Da ya taka birki, abin turi da ke jikin sarƙar zai wuce ta ƙarƙashin taya, motar da ke bayansa ta zo ta sumbace shi, daga nan sai gaban alƙali. Dabara ita ce a miƙa masa goro a hannun dama, wayarsa a hagu, ƙafar kuma a bar ta ga addu'a.

Sai batun wuta da ruwa. Idan aka ɗauke wuta mota tana tsakiyar rumfa, rabinta kumfa rabinta laka, kada ka firgita, kada kuma ka mayar da kuɗi. Ka ce wa direba wannan shi ne jiƙon da littafin injin ya yi umarni da shi, har a tayar da janareta. Ruwa kuwa, in ba ka haƙa burtsatse ba, sai ka yi yarjejeniya da 'yan ga-ruwa, ka daidaita gudun sarƙa da gudun kurarsu.

Yaran nan masu bokiti da soso da tsumma, waɗanda ka yi nufin injin ya maye gurbinsu, kada ka sallami ko ɗaya. Ka tsayar da biyu a ƙofar shiga su kankare lakar da buroshi ba zai iya ba, biyu a ƙofar fita su wanke abin da ya bari, su share ciki, su kakkaɓe tabarmin ƙafa, sauran kuma su tsaya kusa domin turi ranar da sarƙa ta tsinke. Kuɗin wanki sai ka ninka shi uku, ka rubuta a allo da manyan baƙaƙe cewa na inji ne.